Goggo a Talabijin ɗin Alhaji

"Masha Allah, ashe Hajiya fara ce!"

Maganar da ta fara shiga kunnena ke nan da na ɗaga labulen falon, ranar sadakar ukun Goggo. Wata ce ta faɗa daga cikin ƙawayen matar Alhaji, ɗan Goggo, da suka zo gaisuwa daga Kano, bakinta cike da wainar sadaka. Na bi inda take kallo. An kafa wani ƙaton talabijin a jikin bango, faɗinsa ya kusa kai ƙofar zaure, a ciki kuma ga wata tsohuwa tana murmushi, fuska jawur kamar an shafe ta da manja, kumatu sumul babu ko layi ɗaya. Sai da na ga kaina tsaye a gefenta cikin hoton, ni ma na yi wani fari kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya, sannan na gane wai Goggo ce.

Tsofaffin garinmu Ɗanzomo da suka yi zaman shekaru da ita sai su shigo, su ɗaga kai su kalla, su sunkuyar, su ce Allah ya jiƙan rai. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta ja gefen hijabina ta raɗa min, "'Yar nan, wace ce wannan aka rataye?" 'Yan mata kuwa layi suke yi, kowacce ta tsaya gaban talabijin ɗin ta karkace baki ta ɗauki kanta a waya. Na yi kuka ranar da Goggo ta rasu, na yi kuka da aka fita da ita. Ranar nan ban yi kuka ba. Ƙyama ce ta kama ni.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar mitsitsiya bayan rasuwar mahaifiyata. Alhaji babban ɗanta ne, ɗan fari, wanda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na Kano". Shi ya zo da talabijin ɗin a bayan mota tare da buhunan shinkafa, wai don masu gaisuwa su riƙa ganin Hajiya. Liman ya nuna bai so ba, sai aka shigo da shi cikin gida wajen mata, aka jona da solar da Alhajin ya sa mata bara. Hotunan kuma matarsa ce ta tattara daga wayoyin dangi, ta ce ta ɗan gyara su. Ɗan gyara! Ta goge tsagar gidanmu da ke kumatun Goggo, ta goge tamojin da shekaru suka yi mata, ta wanke ta tas. Abin da ya rage, talabijin ya ƙarasa.

To, ga wanda bai san ta ba: Goggo baƙa ce wuluk, baƙi mai sheƙi, irin wanda in ta shafa man kaɗe ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida sai ka ga rana tana wasa a goshinta. Kuma tana alfahari da shi. Maganar da ta fi yawa a bakinta ita ce, "Wanda Allah ya rina ba ya koɗewa." Ni na gado ta a wannan, duk zuriyarmu babu mai duhunmu. Ina firamare yara suka sa min suna baƙar tukunya. Na dawo gida ina sheshsheƙa, na ce ba zan koma ba. Ba ta lallashe ni ba, lallashi ba ya cikin kayan aikinta. Ta sauke tukunyar tuwo daga murhu, ta buɗe, ta ce, "Mene ne wannan?" Na ce tuwo. "Wace kala?" Na ce fari. "Daga ina ya fito?" Na dubi tukunyar. Ta ce, "To gobe ki tambaye su ko a farar tasa ake tuƙa wa uwarsu tuwo." Ta zuba min malmala biyu, ta ce in ci in wanke kwanon.

Sana'arta zoɓo. Da kaka ta yi, sai ta sa a kawo mata shi daga ƙauyukan Gagarawa, matan unguwa su cika tsakar gida suna tsincewa, ana hira ana tari saboda ƙaiƙayinsa. Yatsunta ba su taɓa rabuwa da wani ja mai duhu ba, ko da sabulun me ta wanke. A hoton da matar Alhaji ta gyara, yatsun nan sun koma kamar na jariri. Abin da Goggo ta tsana a duniya shi ne a ƙara wa abu abin da Allah bai ba shi ba: a yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, a zuba wa yaji jar kala, a sa wa madara gari. Wata rana a gidan suna aka miƙo mata zoɓon sha a kofi. Ta ɗaga shi sama ta duba, ta kurɓa, sai ta juye shi ƙasa a gaban uwar biki.

"Wannan ba zoɓo ba ne," in ji ta. "Ƙarya ce aka sa wa sukari."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Uwar bikin ta daɗe ba ta gaishe mu ba.

Ba zan yi mata abin da matar Alhaji ta yi mata ba. Goggo tana da baki, kuma bakin yana da kaifi. Tana da riƙo, in ka ɓata mata ko shekara nawa aka yi za ta tuna maka ranar da kayan da ke jikinka. Amma na ga wani abu da idona. Akwai wata amarya a unguwarmu da ta shiga shafe-shafen man bilicin, Goggo ta bi ta da gori har ta daina bi ta ƙofar gidanmu. Da man ya ƙone mata fuska, ta yi dabbare-dabbare, dangin miji suka fara yi da ita, wa ya je ya ɗauko ta? Goggo. Ta ce wa mijin tana buƙatar mai taya ta tsintar zoɓo, da ma kuwa tana buƙata, ta ajiye yarinyar a ɗakinta, kullum ta shafa mata man kaɗe da hannunta tana yi mata faɗa, har fatar ta dawo. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, ni ma don a ɗakin nake kwana ne na sani.

Riƙon nata kuwa, wadda ta fi kowa ɗanɗana shi ita ce ƙanwarta, Goggo Ƙarama, da ke aure a wani ƙauye can bayan Maigatari, cikin Nijar. Kuma a kaina abin ya faru. Goggo Ƙarama Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mahaifiyata ta rasu, ta roƙi a ba ta ni. Goggo ta ce yarinya ba za ta tsallake iyaka ba, a nan za ta yi makaranta. Magana ta yi zafi, Goggo Ƙarama, wadda ita wankan tarwaɗa ce, ta ce mata a gaban mutane, "Baƙinki bai tsaya a fata ba, ya kai har zuci."

Daga baya ta yi nadama. Ta sa aka saƙa zane, baƙin saƙi rinin shuni mai jan baki, ta ba wani ɗan kasuwar shanu ya kawo ranar kasuwar Maigatari. Goggo ta karɓa, ta juya shi, ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mata ya iso. Ka kuma ce mata ba zai taɓa jikina ba." Mutumin ya kai saƙon yadda aka ba shi, bai rage ko harafi ba. Tun daga nan sai gaisuwar mutuwa da ta suna, sama-sama. Sannan tsufa ya zo, idon Goggo Ƙarama ya yi yana, hanya ta yi wuya, aka yi ta rufe iyaka ana buɗewa, gaisuwar ma ta yanke.

Abin da Goggo Ƙarama ba ta sani ba, zanen nan shi ne zanen Juma'ar Goggo. Shi take ɗaurawa ranar Sallah, duk da atamfofin da Alhaji yake jibgo mata. Ni na sha wanke shi. In na ce, "Goggo, ba wannan ne kika ce ba zai taɓa jikinki ba?" sai ta ce, "Ke aka aika ko ke aka aiko wa?"

Wajen azahar ranar sadakar, aka sauke Goggo Ƙarama daga bayan mashin, ta rame, ta ranƙwafa, tana lalube da sanda. Labarin bai same ta da wuri ba. Tare da wani maƙwabcinsu mai zuwa cin kasuwa ta zo, kuma washegari Alhamis, in kasuwa ta tashi, zai koma da ita. Kowa ya san, ita ma ta sani, ba za ta sake yin wannan tafiyar ba. Bayan an yi gaisuwa an yi addu'a, ta kamo hannuna ta ja ni kusa.

"Ɗiyata, zan tambaye ki, kar ki yi min ƙarya. Kadon da na aiko mata, kyautar zanen nan, ta taɓa ɗaura shi?"

Na ce, "Goggo, kullum Juma'a."

Ta girgiza kai. "A gidan mutuwa kowa bakinsa zuma ne. Ina zanen yake?"

Zanen ya tafi. Al'adar gidanmu, kayan da mamaciya ta fi so su ake ba matar da ta yi mata wanka, kuma an ba ta tun ranar. Abin da aka bayar sadaka ba a bin sawunsa. Na ce ko da kunya zan je in aro mata ta taɓa. Ta ce, "A hannun wata ba zai gaya min komai ba. A jikinta nake son ganinsa."

Na ciro wayata na nuna mata hoton da na ɗauke mu ranar ƙaramar Sallah. Ta kai shi har kan hanci, ta dawo da shi. "Salular nan ba na ganin komai cikinta sai haske." Idonta ya daina rabe ƙananan abubuwa, sai babban abu da launinsa. Sai na tuna da abin da ke rataye a falo. Na riƙe ta muka shiga, aka matsa mata, na tsayar da ita gaban talabijin. Hoton nan ne kuwa a kai. Ta daɗe tana kallo.

"Wa kuka sa a telen?"

"Ita ce, Goggo."

"Wannan jar matar? Wannan ba 'yar'uwata ba ce. Wannan zanen kuma mai walƙiya kamar leda ba nawa ba ne. Nawa baƙin saƙi ne." Ta saki hannuna. "Na ce miki kar ki yi min ƙarya."

Ta laluba ta zauna a tabarma ta juya wa bangon baya. Na ga tsohuwar nan za ta koma ƙauyensu ta mutu da yaƙinin cewa yayarta ta tafi da ita a zuci, saboda wata ta ga baƙar suruka ba ta dace da bangon falo ba. A nan haƙurina ya ƙare. Na aika a kira min Alhaji daga zaure. Ya shigo yana cewa lafiya, na ce babu lafiya, a cire wannan abin a sa hoton da ke wayata, wanda ba a taɓa ba. Matarsa ta ce, "Haba, ai don mutane na yi. Kin san manyan baƙi za su zo." Na ce, "Manyan baƙi ne suka haifi mijinki?" Allah ya sani, bakin Goggo ne ya fito ta bakina.

Aka juye hoton a filash, aka soka a bayan talabijin. Tsagar ta dawo, tamojin ya dawo, na ji sanyi kaɗan. Amma launin yana nan yadda yake: fatarta ja kamar jan bulo, zanen shuɗi mai kashe ido, ganyen darbejiya kore shar kamar an yi masa fenti, farin hijabina kuma kamar an tsoma shi a bula. Alhaji ya ce laifin wayata ne, ƙarama ce, talabijin ɗinsa shekaranjiya aka fito da shi daga kwali, mai kanti ma ya ce duk kantin babu mai fito da kala kamarsa. Na ce ai matsalar ke nan. Ya ce to da me za a gwada, tunda mai hoton ba ta nan?

Sai na je na tsaya a jikin bango, kafaɗata tana taɓa talabijin ɗin, da hijabin nan dai na cikin hoton a jikina.

"Ga ni nan, Yaya. Ni ban mutu ba. Ka yi ta dannawa har ta cikin nan ta yi kama da ni. In na fito daidai, ita ma ta fito."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya ɗauki rimot. Shi ma bai san kan abin ba, ni ma haka. Ya shiga nan ya fita can, ya ƙure murya, ya kai mu wata tashar ƙwallo, ya dawo. Can ya gano wajen tsarin hoto, ashe an bar shi a kan wanda masu kanti ke sawa don ya ja idon mai wucewa, wanda ke zuba wa komai kala kamar zoɓon gidan sunan nan. Ya mayar da shi kan wanda aka yi don kallon fim. Hoton ya lafa, hasken ya ragu. Ƙawayen matarsa suka ce, "Kai, ya lalace!" Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta ce, "A'a, yanzu ya fara gyaruwa. A saki labulen tagar can, rana tana dukan gilashin."

Daga nan tsofaffin Ɗanzomo suka karɓe aikin. Su dube ni, su dubi ta ciki.

"Rage jan, Alhaji."

Ya rage, ya wuce gona da iri, muka koma kalar toka ni da Goggo.

"Kai, ka kashe su! Ƙara kaɗan."

"Hijabin har yanzu da shuɗi-shuɗi."

Ya laluba ya samo inda ake mayar da fari ya bar shuɗi ya yi ɗumi, hijabin ya zama farin da na sani, mai ɗan dauɗar yini.

"Goshinta ya fi haka sheƙi."

"Ke kuma, gumi ne, ba kya gani?"

"Juyo da fuskarki, 'yar nan. Ɗaga haɓa."

Ina tsaye ana juya ni kamar tunkiya a kasuwar Maigatari, ga zafi, ga takaici, ga dariya tana neman kuɓuce min a gidan makoki. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai lura surutun yana raguwa, sannan na ga babu mai kallona kuma. Duk idanu sun koma gefena. Maƙwabciyarmu ta sa bakin mayafi ta toshe baki. Alhaji ya ajiye rimot a kan kujera a hankali, ya cire hula ya goge fuska da ita, ya fita.

Na juya. Goggo ce, baƙa, mai sheƙi, da tsagarta, da jan zoɓo a yatsu, da wannan kallon nata na wadda ta gano an yayyafa wa kaya ruwa.

Na ɗago Goggo Ƙarama na kai ta gab da gilashin. Ta fara daga sama, ta tsaya a fuskar. Sannan ta sauko. Ta ɗora tafin hannu a kan zanen, ta bi jan bakin da yatsa har ƙasa. Shunin ya yi fari-fari a wajen gwiwa da inda ake soke shi a ƙugu, jan bakin ya koma kalar ƙasa.

"Ya koɗe," in ji ta.

Matar Alhaji, da ba ta san inda aka dosa ba, ta yi caraf ta ce, "Ai shi ya sa na gyara shi, Goggo. Tsohon zane ne, kar a ce ba mu kula da ita ba."

"Yi min shiru, ɗiyar nan." Ba ta ko waiwaya ba. "Zane ba ya koɗewa a cikin adaka. Sai an ɗaura, an wanke, an shanya, an sake ɗaurawa." Ta matsa har goshinta ya taɓa gilashin. "Yaya, ke da kika ce ba zai taɓa jikinki ba? Ashe ke ma kina ƙarya." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Na yafe miki wannan. Ki yafe min tawa."

Sai a lokacin kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya zo min.

Washegari ta hau mashin ta tafi. Alhaji ya kwance talabijin ɗinsa ya koma da shi Kano, na ji an ce yaransa sun mayar da shi yadda yake don kallon ƙwallo. Hoton jar matar nan kuwa shi ne har yau yake yawo a wayoyin dangi, shi aka buga a kalandar sadakar arba'in, jikokin da ba su san ta ba suna nuna wa abokansu suna cewa ga kakarmu. Duk sanda na gani sai raina ya ɓaci, kuma ba ni da rimot ɗin da zan bi wayoyin mutane ina ragewa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don wanda ya karanta ya sani: Goggo baƙa ce, tana da tsaga, tana da faɗa, ƙarya ɗaya na san ta taɓa yi, kuma zanenta ya koɗe a jikinta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da ƙanwarta a inda babu iyaka.